Yadda Sojan Dalma Ya Koma Na Roba a Teburin Wasan Yaƙi

A ɗakunan taro na garuruwan Ingila, musamman ranakun Asabar da Lahadi, za ka tarar da magidanta, wasu har da furfura, sun kewaye teburi mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4. An shimfiɗa koren ƙyalle, an dasa 'yan bishiyoyi da tuddai da gadoji, an jera ɗaruruwan sojoji waɗanda ko ɗaya bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Wannan ya ja tef ɗin awo ya ce dawakinsa sun matsa inci 12, wancan ya watsa ƙwayoyin ludo ya ƙirga mutum nawa igwarsa ta kayar. Yaƙin Waterloo ake maimaitawa, ko wani gumurzu na Romawa. Kafin shekarar 2008, sojojin da suka fi daraja a irin wannan teburi na ƙarfe ne, ana sayensu kaɗan-kaɗan da tsada. Yau akasarinsu na roba ne, daga kwali suke fitowa talatin-talatin, arba'in-arba'in. Wannan sauyi bai zo daga sha'awar 'yan wasa kawai ba. Abin da aka zuba sojan da shi, da kuɗin da mazubinsa ya ci, su ne suka daɗe suna yanke wa mutane irin yaƙin da za su buga.

Asalin abin ma ba wasa ba ne, kuma babu ɗan soja a ciki. A 1812 wani jami'in daular Prussia, wadda wani ɓangarenta ke cikin Jamus ta yau, mai suna von Reisswitz, ya miƙa wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani teburi na koyon dabarun yaƙi. Ɗansa, wanda hafsan sojan igwa ne, ya gyara dokokin ya buga su a 1824. Ya mayar da wasan kan taswira ta gaskiya, rundunoni kuma 'yan ƙananan tubala ne, na wannan ɓangare ja, na wancan shuɗi, da alƙali a tsakiya wanda shi kaɗai ya san inda kowa ya ɓuya. Da babban hafsan hafsoshi, Janar von Müffling, ya gani, sai ya ce wannan ai horon yaƙi ne, ya ba da shawarar a baza shi cikin runduna. Da Prussia ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka yi rububin kwaikwayo.

Su kuwa 'yan sojojin wasa, tasu hanyar daban ce. Maƙeran birnin Nuremberg sun daɗe suna zuba su da kuza, shafaffu kamar faranti, sai ta gefe ake kallonsu. Faransawa da wasu Jamusawa suna yin masu cikakken jiki, amma da nauyi da tsada, sai 'ya'yan masu hali. A 1893 William Britain ƙarami, a Landan, ya fito da dabarar da ta karya farashi. Zai zuba narkakkiyar dalma cikin mazubi, kafin cikin ya daskare sai ya juye ta waje, ya bar ɓawon kawai. Soja ya fito da rami a ciki, dalmar da ya ci kaɗan, kuɗinsa kaɗan. Tsawonsa milimita 54.

Da waɗannan sojojin na Britains ne marubucin nan H. G. Wells ya haɗa hanyoyin biyu. A 1913 ya wallafa ɗan littafinsa Little Wars, wanda ake ɗauka a matsayin dokokin farko da aka buga don jama'a su yi yaƙi da sojojin wasa. Babu ƙwayar ludo a nasa tsarin. Akwai 'yar igwa mai sifirin da ke harba ɗan guntun itace, wanda ya faɗi ya mutu ke nan. Wells mai ƙin yaƙi ne, kuma ya kafa hujja da cewa duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi a daɓen ɗakinsa zai gane irin shirmen da ke cikin babba. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, babu wanda ya saurare shi.

Roba ta shigo ne ta ƙofar yara. Wani kamfanin Amurka, Bergen, ya fara sayar da sojojin roba a 1938, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma suka cika kasuwa. A Ingila kamfanin Herald ya yi fice da su har Britains ya saye shi a 1959, sannan a 1966 Britains ɗin da kansa ya daina zuba dalma, don an gane guba ce ga yaron da ke sa abin wasa a baki. Amma sunan da tsofaffin 'yan wasa ke ambata da shauƙi shi ne Airfix. Wani ɗan ƙasar Hungary, Nicholas Kove, ya kafa shi a Landan a 1939, ya yi kuɗi da matajin kai na roba, sannan ya koma ƙananan jiragen ruwa da na sama da ake haɗawa da gam. Wajen 1960 ya fara fitar da kwalayen ƙananan sojoji, sama da arba'in a kwali, a kan fataka, wato sule biyu. Yaron makaranta yana iya tara runduna da kuɗin kashewarsa. Da Donald Featherstone, wani likitan gashin ƙashi a Southampton, ya fitar da littafinsa War Games a 1962, sai ya tarar da dubban samari da sojoji a aljihu suna jiran wanda zai ba su doka.

Sai dai an ce araha ba ta ado. Robar Airfix mai laushi ce, tana lanƙwasa. Ka ɓata dare kana yi wa soja fenti, gobe bindigarsa ta ɗan tanƙwara, fentin ya ɓare ya zube. Gam ba ya kama ta. Kuma abin da kamfani ya ga dama shi zai fitar. In kana son rundunar da babu ita a kanti, sai ka yanke kan wannan ka soka a jikin wancan da allura. Saboda haka duk wanda ya girma ya fara ɗaukar albashi sai ya koma wa ƙarfe. Jack Scruby a California, da kamfanin Minifigs a Southampton, da wasu da dama, suka riƙa zuba sojoji musamman don 'yan wasa. Tun daga nan roba ta zama abin yara a idon manya, kuma wannan raini ya kai shekara arba'in.

A nan ya kamata a tsaya a dubi sana'ar kanta, don a cikinta dalilin yake. Mai zuba sojan ƙarfe yana sa samfurinsa tsakanin faifai biyu na ɗanyar roba irin ta taya, ya matse, ya gasa, siffar ta zauna. Sai ya ɗora faifan a injin da ke juyawa da gudu, ya tsiyaya narkakken ƙarfe ta tsakiya, juyawar ta watsa shi cikin ramukan. Kamar dai masu zubin tukwanen alminiyam ne a kasuwanninmu: mazubin ba shi da tsada, mutum ɗaya a bayan gida yana iya yi, amma kowace tukunya sai ta ci nata ƙarfen da nata gumin. Don haka mai ƙarfe yana iya fitar da rundunar wata ƙaramar daula da mutum ɗari kacal za su saya, kuma bai faɗi ba. Roba mai tauri akasin haka ce. Mazubinta tubalin baƙin ƙarfe ne gida biyu, ana sassaƙa shi da inji makonni, yana cin dubban fam kafin soja ɗaya ya fito. Ba ya lanƙwasa, saboda haka duk wani lungu da zai maƙale dole a raba shi, shi ya sa hannu daban, kai daban, jaka daban. Amma da zarar an gama, inji zai riƙa tofo firam cike da sojoji cikin ƙasa da minti guda, robar kuma ba ta da wani kuɗi. Wanda zai shiga wannan harka sai ya tabbata zai sayar da dubban kwalaye. Shekara da shekaru kowa na cewa 'yan wasan tarihi ba su kai yawan da za su mayar da wannan jari ba.

Waɗanda suka fara gwadawa ba 'yan tarihi ba ne. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975 ya kuma tare a Nottingham daga baya, ya yi arziki da wasan dodanni da mayaƙan sararin samaniya, Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987. A shekarar 1987 ɗin ya fitar da kwalin mayaƙa 30 na roba mai tauri, waɗanda ake haɗawa gaɓa-gaɓa. Wannan roba tana riƙe fenti, gam ɗinta kuma narkar da fuskokin biyu yake ya haɗe su su zama abu ɗaya. Cikin shekara ashirin kamfanin ya horar da masu sassaƙa, da masu yanka mazubi, da masu rubuta dokoki, duk a gari ɗaya. Har yau ana yi wa yankin Nottingham laƙabi da yankin dalma, saboda yawan ƙananan kamfanonin da tsofaffin ma'aikatansa suka buɗe.

Cikinsu akwai tagwaye, Alan da Michael Perry, waɗanda suka fara yi wa kamfanin sassaƙa tun 1978, alhali zuciyarsu na wajen tarihi. Labarin Michael abin a faɗa ne. A 1996, a wani bikin kwaikwayon yaƙin Crécy a Faransa, igwar da yake ɗurawa ta tashi ta raba shi da hannunsa na dama. Ya koyi sassaƙa da hagu ya ci gaba da aiki. A 2008, lokacin da farashin kuza ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, sojan ƙarfe kuma ya ƙara tsada, kamfaninsu Perry Miniatures ya fitar da kwalin dakarun yaƙin basasar Amurka, mutum 36, masu tsawon milimita 28. Zaɓin da wayo: kayan sojan Arewa da na Kudu sun yi kama, kwali ɗaya zai yi wa ɓangarorin biyu, fenti ne kawai zai bambanta. A shekarar dai Warlord Games, wanda John Stallard da Paul Sawyer suka kafa bayan sun bar Games Workshop, ya fito da sojojin Rum, Victrix kuma ya fito da dakarun Birtaniya na zamanin Napoleon. Kamfanin Renedra, shi ma na tsofaffin ma'aikatan can ne, shi ya yanka da yawa daga cikin mazuban farko. A lokacin mai sassaƙa yakan yi samfurin ya ninka girman sojan sau uku, inji ya bi jikinsa yana rage shi cikin ƙarfe. Yanzu yawanci a kwamfuta ake zana su.

In ka buɗe irin wannan kwali, firam-firam ne masu ruwan toka za ka gani, gangar jiki a jere, kawuna a gefe, hannaye riƙe da bindiga ko mashi, ga ganga da sandar tuta. Da ɗan almakashi ake tsinke kowace gaɓa, a kankare layin da bakin mazubi ya bari da wuƙa, a ɗiga gam, a zaɓi kan da ake so. Wannan yana harbi, wancan yana ɗura harsashi, na bayansa ya waiga. Aiki ne mai cin lokaci, kuma masu son ƙarfe har gobe suna gunaguni cewa sojan roba ba shi da nauyi a hannu, ga wahalar haɗi. Suna da gaskiyarsu. Amma mutumin da a da sai ya shekara yana tara runduna, yanzu kwali uku ko huɗu sun ishe shi, shi ya sa dokokin da suka biyo baya, irin su Black Powder na 2009 da Hail Caesar na 2011, aka rubuta su don manyan rundunoni.

Tsadar mazubi ba ta gushe ba, kuma ita ke zaɓen tarihin da zai shiga kwali. Romawa, da 'yan Viking, da Napoleon, da Yaƙin Duniya na Biyu, an yi su an maimaita. Afirka kuwa takan samu shiga ne galibi ta inda ta yi karo da Bature. Akwai kwalayen Zulu, akwai kuma na Ansaru, mabiya Mahadin Sudan, wanda tagwayen Perry suka fitar da mutum 40 a ciki, na shekarun 1881 zuwa 1885. Wannan na ƙarshe ba baƙon labari ba ne gare mu. Mutanen ƙasar Hausa da ke kan hanyar hajji sun shiga rundunar Mahadi, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa, bayan yaƙin Burmi na 1903 kuma jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka ƙarasa Sudan suka kafa Mai Wurno. Amma a kan teburin Nottingham, Ansaru abokan gabar Janar Gordon na Birtaniya ne kawai. A ganina ba ƙeta ce ta kawo haka ba, lissafin kasuwa ne: mai saye Bature ne, yaƙin kakansa yake nema.

Abin da ya fara sassauta wannan lissafi shi ne injin ɗab'i na 3D, wanda ke gina soja daga ruwan roba ba tare da mazubi ba. Mai zane yana iya zama ko'ina a duniya, ya sassaƙa a kwamfuta, ya sayar da fayil ta intanet, mai saye ya buga a gidansa. Runduna ba ta bukatar dubban masu saye kafin ta fito. Matasanmu da suka iya zanen kwamfuta, ga barde da lifidi da kwalkwali, ga 'yan sulke da 'yan baka da 'yan bindiga, kuna ganinsu da idonku duk hawan sallah a Kano da Katsina da Zariya da Damagaram. Ku kuka san yadda ake ɗaura lifidi da yadda rawani ke zama a kan kwalkwali. Ku sassaƙa su da kanku, kafin wanda bai taɓa ganin hawan daba ba ya zana muku su daga tsohon hoto.