Zafin Kwamfutar Wasanni a Bwari

Kwamfutar wasanni na'ura ce da ake haɗawa da sassa masu ƙarfi, kuma kusan duk wutar da take ja tana komawa zafi. Sassa biyu ne suka fi zafi, furosesa da katin hoto. In ana cikin wasa, digiri 60 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyos ba abin damuwa ba ne. Furosesa na AMD Ryzen 7000 iyakarsa yawanci digiri 95, yawancin na Intel kuwa digiri 100. Da ya kai nan sai ya rage gudu da kansa don kada ya lalace, wasa ya fara tsayawa-tsayawa.

A Bwari, garin da hedikwatar JAMB da Makarantar Horar da Lauyoyi suke, yanayi na ƙara wa fankar kwamfuta aiki. A bazara, wato Maris da Afrilu, zafin rana kan haura digiri 35, kuma fanka ba ta iya sanyaya na'ura ƙasa da iskar ɗakin. Hunturu kuma ƙurarsa ce matsala: takan toshe ragar gaban akwatin kwamfutar cikin 'yan makonni, har in ka shafa yatsa ya fito ja.

Sabon haɗi yakan yi zafi ne saboda kuskuren hannu. Wani ya manta da ledar da ke manne ƙarƙashin abin sanyayawa, wani ya ƙi shafa man da ke kwashe zafi, wani ya juya fanka baibai. Ƙa'idar ita ce iska ta shiga ta gaba, ta fita ta baya da sama.