Yadda ake horar da ɗaliban akufanca da maganin gargajiyar Chana a gaban majinyata

Akufanca, wato jinya ta hanyar tsira siraran allurai a wasu gurabe na jiki, sana'a ce da karatu kaɗai ba ya isar wa mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gurabe 361, kuma ɗalibi na iya haddace su duka alhali bai san iya zurfin da allura za ta shiga a ƙirjin ramammen tsoho ba. Idan ta zarce, tana iya huda rigar huhu, iska ta taru, huhun ya tsuke. Allurar da aka maimaita ba tare da tsaftacewa ba kuwa tana yaɗa ciwon hanta. Don haka ne ake tilasta wa ɗalibi aiki a ƙarƙashin idon ƙwararre kafin a sakar masa majinyaci.

Damuwar tsohuwa ce. A 1027, zamanin daular Song, likitan fada Wang Weiyi ya ƙera mutum-mutumin tagulla mai ramuka a guraben. An ruwaito cewa lokacin jarrabawa akan shafe shi da kakin zuma a cika shi da ruwa. Wanda ya soka daidai sai ruwa ya fito.

Tsarin zamani ya fara ne a 1956, da Chana ta buɗe kwalejojin maganin gargajiya a Beijin, Shanghai, Guangzhou da Chengdu. A yau digirin farko shekara biyar ne, ana haɗa shi da ilimin sassan jiki da na likitancin zamani, shekarar ƙarshe kuma a asibiti ake yin ta. Ɗalibi yakan fara gwajin allura a kan tarin takarda ko dunƙulen auduga, sannan a jikinsa da na abokan karatunsa. A asibiti da kallo yake farawa: yana zaune gefen malami yana rubuta haɗin magungunan da ya faɗa, yana duba harshen majinyaci, yana ɗora yatsu uku a wuyan hannu bayan malamin ya ɗaga nasa. Wannan jin bugun jini shi ne mafi wuyar koyarwa, domin littafi na cewa wani bugun "santsi" gare shi, wani kuma kamar tsirkiya yake, amma yatsa ba ya ganewa sai an nuna masa a jikin mutum. A nan kuma ake koyon ƙaho, wanda ba baƙo ba ne ga wanda ya san wanzami, da gasa gurabe da busasshen ganye dangin tazargade.

Digirin ba lasisi ba ne. Doka ta wajabta wa wanda ya kammala ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin likita mai rajista kafin ya zauna jarrabawar ƙasa. Dokar maganin gargajiya da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2017 ta buɗe wata ƙofa ga almajiran da suka koya a hannun malami: likitoci biyu aƙalla su tsaya masu, sannan hukumar lardi ta gwada su a aikace.

A wajen Chana ma'aunin da aka daɗe ana komawa gare shi shi ne jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999. Ga wanda ba likita ba ta ware awa 2,500, daga ciki 500 na aiki da majinyata ne ƙarƙashin kulawa. Likitan da ke son ƙara akufanca a kan aikinsa kuwa, awa 200 ne mafi ƙaranci. Sai dai jagorar shawara ce, ba ta ɗaure kowa, shi ya sa takardar kwas na 'yan makonni da ta shekara biyar ke iya ɗaukar suna iri ɗaya. Masana na ci gaba da jayayya kan iyakar amfanin akufanca, amma illar hannun da bai ƙware ba babu musu a kanta. A Najeriya, yi wa masu akufanca rajista na hannun Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa, kuma majinyaci na da damar tambayar mai allurar asibitin da ya yi horo da tsawon lokacin da ya yi a can.