Gem ɗin da Karatu Ya Fi Danne-Danne Yawa: Zai Dace da Kai?

Yau Japan za mu leƙa, mu bi tarihin wani nau'in gem da Japanawa ke kira bijuaru noberu, wato littafin labari mai hoto da sauti da ake bugawa a kwamfuta ko waya. Idan ka san yadda aka faro shi, za ka gane ko naka ne kafin ka ƙona kuɗi da data.

A 1983 Yuji Horii, wanda daga baya ya ƙirƙiro Dragon Quest, ya fitar da Portopia, gem ɗin binciken kisan kai. Kai ne ɗan sanda: ka yi tambaya, ka duba wuri, ka karanta amsa. Ba gudu, ba harbi. A 1992 kamfanin Chunsoft ya ƙara rage aikin hannu a Otogirisou. Rubutu ne ya cika allo, ga sauti mai tayar da tsikar jiki, jefi-jefi a ba ka zaɓi, zaɓinka ya karkata labarin. Sai 1996 kamfanin Leaf ya fito da Shizuku, ya laƙaba masa sunan da ake amfani da shi yau. A 2004 aka samu Clannad, da ya shahara wajen sa mutane kuka, da Fate/stay night mai hanyoyi uku, kowace da nata labarin.

Kun lura? Da gangan masu yinsa suka riƙa cire saurin yatsa, suka bar karatu da zaɓi. To a nan za ka auna kanka. In PUBG ko gem ɗin ƙwallo ne ke sa jininka tafasa, minti ashirin za ka fara hamma. In kuwa kina cikin masu kwana kan littafin Hausa a waya har caji ya ƙare, wannan gidanki ne, sai dai yawancinsu da Japananci ko Turanci suke. Wanda yake tsaka-tsaki ya fara da Ace Attorney na Capcom, na 2001: lauya kake, kana tono ƙarya a bakin shaidu.

Amma fa a yi hattara. Shizuku da Fate na asali don manya aka yi su, akwai batsa a ciki, daga baya aka fitar da Fate da aka tace. Doki Doki Literature Club na 2017 kyauta ne, fuskarsa ta soyayyar 'yan makaranta ce, alhali na ban tsoro ne, har da kashe kai a ciki. Ku duba alamar shekaru da gargaɗi kafin ku sauke, musamman in ƙannenku na taɓa wayar.

Mu kwana nan, sai shiri na gaba.