Lanƙwasar da Ke Kan Ɗ

Wani yaro mai haɗa fosta a waya ya tambaye ni dalilin da nake ɗaure fuska in na ga aikin irinsu. Na ce masa, "Ɗana, koma ka duba yadda ka rubuta kiɗa."

Sa'ad da na shiga shagon rubutun talla na maigidana, Allah ya jiƙansa, garinmu Lafiya na cikin Filato. Da aka yanke Nasarawa a 1996 ma'aikata suka cika gari, otal-otal suka ƙaru a hanyar Jos da ta Makurdi, masu DJ da 'yan fiyano suka riƙa yi mana layi tun ranar Laraba.

Da reza muke yanka harafi a jikin tsohon hoton ƙashi na asibiti, don fenti ba ya jiƙa shi. Kowane O sai an bar masa gada biyu, in ba haka ba cikinsa ya faɗi. Wata shida na yi ina yanka kafin Oga ya ba ni buroshi. In an ɗaura ƙyallen talla, sai ya tare ɗan acaɓa da magariba, ya hau baya, su wuce da gudu. In bai karanto ranar wasa da wurinsa ba, sauke shi za mu yi, ko da mai wasa ya yaba. Wata jajiberin Sallah ruwan sama ya lalata mana ƙyalle uku, muka kwana da fitilar ƙwai muna sakewa, Oga bai ƙara wa kowa sisi ba. Mukan rubuta Turanci a sama, Hausa a ƙasa, domin Eggon da Alago da Tibi da Ibo duk fili ɗaya suke takawa.

Ban ƙi kwamfuta ba, ina cikin waɗanda suka rungumi CorelDraw da wuri. Amma haruffanta sun zo babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Mu muka riƙa zana lanƙwasar da hannu muna liƙawa, ɗaya bayan ɗaya.

Yau lanƙwasar na cikin wayar kowa, amma yaran sun ƙi dannawa. Launi bakwai, hoton mawaƙi ya danne kwanan wata, wai ai a WhatsApp za a gani. Wannan ne ke ci mini rai.

Ɗ ɗin da Oga ya yanka yana nan cikin akwatina. Na ce wa yaron ya zo ranar Asabar da sabuwar reza.