Soyayya, almara da adabi: Jagora ga mai neman littafin Hausa a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Masu sayar da littattafai da masu nazarinsu sun saba kasa ƙagaggun labaran Hausa gida uku. Akwai littattafan soyayya, waɗanda suka ginu kan aure, kishi da zaman gida. Akwai na almara da yaƙi, inda aljanu, bokaye da sadaukai ke cin karensu babu babbaka. Sai kuma waɗanda ake kira na adabi, wato irin waɗanda ake sanya wa ɗalibai a manhaja, ake kuma rubuta kundin digiri a kansu. Wannan rabo yana sauƙaƙa ciniki a rumfa, amma ba ya bayyana gaskiyar abin da ke cikin littattafan, domin mafi ingancinsu sukan taka gida biyu ko ma duka ukun. Babbar shaida a kan haka tana da alaƙa da Gusau.

So Aljannar Duniya da marubuciyarsa

An haifi Hajiya Hafsatu Abdulwaheed a unguwar Ƙofar Mata da ke birnin Kano a shekarar 1952, amma ta yi shekaru masu yawa tana zaune a Gusau tare da iyalinta. Ita ce ake ɗauka mace ta farko da aka buga mata ƙagaggen labari da Hausa. Littafinta, So Aljannar Duniya, ya zo na biyu a gasar da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya shirya a ƙarshen shekarun 1970, aka buga shi a 1980. Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina ne ya zo na ɗaya, Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta ya zo na uku.

Labarin na wata Bafulatana ce mai suna Boɗaɗo da ta kafe sai ta auri Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarta ba ne, alhali danginta ba sa so. Bayan an sha fama da mutane, sai kuma aljana ta shiga tsakani. Ke nan littafi guda ya haɗa soyayya da almara, kuma ga shi ana nazarinsa a jami'o'i a matsayin adabi. Abin da ya sa ya yi fice a zamaninsa shi ne yarinyar ce ke faɗin abin da take so da bakinta, a lokacin da labaran Hausa suka saba nuna mace a matsayin abin da jarumi ke samu bayan ya gama gwagwarmaya. Littafin gajere ne, kuma rabinsa na biyu bai kai na farko ƙarfi ba, don shigowar aljanar ta janye labarin daga rikicin dangi, wanda shi ne ya fi taɓa zuciya. Duk da haka, wanda ke son sanin inda littattafan soyayya suka faro, daga nan ya kamata ya soma.

Marubuciyar ba ta tsaya ga alƙalami ba. A farkon shekarun 2000 ta bayyana aniyarta ta neman kujerar gwamnan Jihar Zamfara, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce, kuma takarar ba ta kai ga akwatin zaɓe ba.

Littattafan soyayya

Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin Najeriya ya taɓarɓare, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga labaran Hausa. Sai matasa, maza da mata, suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u a Kano da kuɗin aljihunsu, suna rarraba labari kashi biyu ko uku domin cinikin na ɗaya ya biya kuɗin buga na biyu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko. Daga Kano littattafan kan biyo hanyar Funtuwa, su ratsa Tsafe su sauka Gusau, daga nan su wuce Bunguɗu da Talata Mafara har Sakkwato. Wanda ba shi da kuɗin saye sai ya karɓi haya, ya karanta ya mayar, littafi guda kuwa yakan zaga gidaje da dama kafin bangonsa ya rabu da shi.

A cikin wannan tari mai yawa, biyu na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu sun cancanci a ware su, kuma dukansu sun fito a 1990. Wa Zai Auri Jahila? labarin Abu ne, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Alhaki Kwikwiyo Ne kuwa ya fi dacewa da 'yan kasuwa su karanta da natsuwa. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, amma yana ƙuntata wa matarsa Rabi da 'ya'yanta. Ya auro Delu, ya kori Rabi, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe yaran. Da gobara ta cinye masa dukiya, sai aka dawo ana roƙon Rabi ta koma. Ƙarfin littafin yana cikin lissafin da marubuciyar ke yi dalla-dalla: kuɗin cefane, kuɗin makaranta, kayan ɗakin 'ya mace, da wanda nauyin kowanne ke faɗowa a kansa idan maigida ya juya baya. Kiran wannan littafi na soyayya ma ƙarfin hali ne, don soyayyar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfani a Indiya mai suna Blaft ya buga shi a 2012.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, shi ne ya fi kowanne suna a wancan zamani. Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, iyaye suna son ta auri mai kuɗi, har ta kai ga faɗawa rijiya. An mayar da shi fim daga baya. Masu son labarin matan da suka yi boko kuma suka riƙe addini sukan nufi littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, musamman Allura Cikin Ruwa.

Illar wannan gida sananniya ce: maimaita zubi ɗaya, rashin tace rubutu, da yawan kwatanta motoci, gidaje da tufafi har labari ya tsaya cik. Wani abin lura kuma, akasarin labaran a Kano, Kaduna ko Abuja suke faruwa, da Hausar Kano. Mai karatu a Bunguɗu ko Kwatarkwashi ba kasafai yake cin karo da garinsu ko karin harshensa a shafi ba, sai fa idan an sanya shi a bakin baƙauye don a ba da dariya.

Almara da yaƙi

Wannan gida ya girmi na soyayya nesa ba kusa ba. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ƙarƙashin Hukumar Fassara ta haifar da littattafai biyar, biyu daga ciki kuwa almara ce tsantsa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yana bin Alhaji Imam a yawon neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta arangama da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa na shirya wa ɗan'uwansa gadar zare. Ganɗoki na Bello Kagara ya soma da yaƙin Turawa a ƙasar Kwantagora, sannan ya zarce duniyar aljanu. Magana Jari Ce, mai juzu'i uku da ya fito tsakanin 1937 da 1939, ya ɗebo labarai daga Larabawa, Indiyawa da Turawa, Imam ya sanya musu rigar Hausa ya ɗora a bakin aku. Har yanzu babu littafin da ya fi shi dacewa uba ya karanta wa 'ya'yansa da dare.

Akwai biyu da ba a cika ambata ba. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya samo asali ne daga labarin wani sadaukin Rasha. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, ya ɗauki yaro Kilba ya haɗa shi da wani baƙo daga sararin samaniya mai suna Kolin Koliyo. Shi ne ake yawan kawowa a matsayin farkon labarin kimiyya da Hausa.

A zamanin kasuwar Kano, littattafan yaƙi sun samu nasu masoyan, galibi samari, kuma sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini ne ya fi yawo a cikinsu. Labarai ne masu tsawo, juzu'i bayan juzu'i, na sarakuna, matsafa da takubba. Suna da daɗin bi, sai dai wanda ya karanta uku ya san yadda na huɗu zai ƙare. Ƙasar da ta fitar da Salihu Jankiɗi na Rawayya, Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba baƙuwar kirarin mazaje ba ce, kuma wanda kunnensa ya saba da waɗannan makaɗa zai ji inda zugar littattafan yaƙi ta gaza. Mai son bin wannan sawu sai ya nemi ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, kamar Jagoran Nazarin Waƙar Baka.

Waɗanda ake kira na adabi

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin bauta ne, da uwar da ta ratsa Sahara tana neman ɗanta. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East labarin ramuwar gayya ne bayan mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, wanda ke nuna cewa jigon da ake zargin marubutan Kano da shi ya riga su zuwa duniya. Gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya ta fitar da wasu a 1982, ciki har da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri da cin hanci tsakanin attajirai da jami'an gwamnati. Ma'aikaci da ɗan kasuwa duk za su ga fuskokin da suka sani a ciki.

Amma wanda ya fi kamata a sake buɗewa a Zamfara ta yau shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, shi ma na 1982. Mailoma tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin basasa, ya tara 'yan ta'adda da makamai, ya kafa daularsa a daji, yana kisa ba tare da ƙyaftawar ido ba. Lokacin da littafin ya fito, ana iya ɗaukarsa a matsayin ƙirƙira mai wuce gona da iri. Wanda ya san halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau da ƙauyukan Tsafe suka shiga a 'yan shekarun nan zai karanta shi da wani ido daban. Littafin ba ya bayyana musabbabin rikicin yau, wanda ke da nasa tushen a rigimar filaye, kiwo da rashin adalci, amma ya nuna yadda makami da ya kuɓuce daga hannun hukuma ke samar wa kansa sarki. Akwai zubar da jini da yawa a ciki, bai dace da yara ba.

Daga baya-bayan nan, 'Yartsana na Ibrahim Sheme, na 2003, ya bi rayuwar yarinyar da auren dole ya jefa karuwanci, ba tare da ya yi mata ado ko ya la'ance ta ba.

Sharhi, taƙaddama da gasa

Sharhin littattafan Hausa ya fi zafi a shekarun 1990, a shafukan jaridu irin su Nasiha da New Nigerian. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yawancin littattafan kayan kasuwa ne da ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna ganin sun koya wa dubban mata karatu da Hausa, sun kuma buɗe bakin da aka daɗe da rufewa kan auren dole da sakin wulaƙanci. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa: da yawa sun ɓace kamar yadda aka yi hasashe, kaɗan kuma sun shiga manhaja. Hukuma ma ta sa baki. A 2007 gwamnatin Kano ta ƙona wasu littattafai a bainar jama'a bisa zargin ɓata tarbiyya, hukumar tace fina-finai ta jihar kuma ta nemi marubuta su riƙa kai rubutunsu a duba.

A yau gasa ce ta fi zama ma'aunin da mai karatu zai dogara da shi. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata a 2016. Cibiyar Gusau Institute da ke Kaduna, wadda Janar Aliyu Muhammad Gusau ya kafa, ita ma tana shirya gasar ƙagaggun labaran Hausa. Littafin da ya ratsa hannun alƙalai ya fi yiwuwa an tace shi.

Kasuwar kanta ta koma waya. Marubuta na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, Facebook da Wattpad, su ba da farkonsa kyauta, sannan mai son ci gaba ya biya ta banki ko da katin waya. Wasu kuma sauraro suke yi a YouTube. Wannan ya sauƙaƙa wa sabon marubuci, amma ya cire ɗan tacewar da maɗaba'a ke yi, shi ya sa iyaye ke kokawa da labaran batsa da ke yawo a waɗannan zauruka. Yana da wani raunin da mutanen Zamfara suka gani da idonsu. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa, har da Tsafe da Bunguɗu, sai da suka ƙara jiran makonni. A tsawon wannan lokaci, duk labarin da ake bi a waya ya tsaya inda ya tsaya, sai wanda ya riga ya sauke nasa ko yake da na takarda a akwati.