Alkubus

Sunan daga Larabci ya zo: al-khubz, wato burodi. Bahaushe ya haɗiye "al" ɗin cikin kalmar, kamar yadda ya yi wa alkama da albasa da alkaki, ya mai da "kh" ta koma "k", sannan ya cusa wasali tsakanin baƙaƙen ƙarshe don harshe ya samu wurin hutawa. Larabawan Turabulus da Gadamas da suka zauna a Kano ake dangantawa da irin waɗannan girke-girke na alkama.

Sai dai abincin ya sauya hali. Balarabe gasa nasa yake yi, Bahaushiya kuwa turarawa take. A gidajen Kwarbai da Ƙofar Doka cikin birnin Zariya, uwargida kan kwaɓa garin alkama da yis tun da hantsi, ta bar shi ya tashi tana sauran hidimar gida, ta zuba a gwangwanayen da aka shafa wa mai, ta ɗora a madambaci. Miyar taushe ce abokiyar tafiyarsa.

Matan yanzu kan haɗa da fulawa don ya yi fari da laushi. Na alkama zalla ya fi riƙe ciki, ya kuma fi ƙamshi.