Ƙofa Biyu a Filin Lord's: Baiwa da Gumi a Tarihin Kurket

Wata rana a filin wasa na Lord's da ke Landan, sai aka ji murya ta lasifika tana yi wa 'yan kallo gyara. An yi kuskure a takardar sunayen 'yan wasa, in ji mai sanarwar: inda aka rubuta "F. J. Titmus", a karanta "Titmus, F. J." Fred Titmus, matashin ɗan wasan Middlesex wanda daga baya ya buga wa Ingila, ya riƙa ba da wannan labari har tsufansa. Baƙo zai ce ai duk ɗaya ne. A Ingila ta wancan zamani kuwa, wurin da haruffan nan suka zauna shi ke faɗin matsayin mutum. In suka zo gaban suna, mai sunan ɗan manya ne, yana wasa don sha'awa. In suka koma baya, ɗan albashi ne, da wasan yake ci da iyalinsa.

Wannan rarrabewa ta shafe fiye da shekara 150 tana mulkin wasan kurket, kuma a cikinta ne muhawarar baiwa da ƙwazo ta yi saiwa. A wasan, kowane ɓangare yana da mutum 11. Mai jifa yana auna turaku uku da ƙwallo mai tauri don ya fitar da mai bugu, mai bugu yana kare su da faffaɗan katako yana tara maki. Bugu shi ne aikin ado, don haka 'ya'yan manya suka fi karkata gare shi. Jifa kuwa wahala ce ta yini guda, galibi sai aka bar wa 'yan albashi. Su ne kuma ke yi wa mambobin kulob jifa a wurin atisaye. Ɗakin sauya kayansu daban, ƙofar da suke bi su shiga fili ma daban. Daga nan aka gina imanin cewa ɗan babban gida da iyawarsa ake haihuwarsa, talaka ne ke koyo da gumi.

Tun 1806 aka fara haɗa rukunin biyu a wasan da ake kira Gentlemen v Players, kuma sakamakon bai goyi bayan wannan imani ba. A shekarun farko 'yan albashi sun yi wa 'ya'yan manya nisa, har ana ƙara wa 'ya'yan manyan yawan 'yan wasa don a samu daidaito. A 1837 aka ba 'yan albashi turaku huɗu masu tsawo su kare, maimakon uku, duk da haka suka yi nasara.

Wanda ya ɗaga martabar 'ya'yan manya shi ne W. G. Grace, likita mai dogon gemu da aka haifa a 1848 kusa da Bristol. Mutanen zamaninsa sun ɗauke shi abin al'ajabi, amma gidansu kansa makarantar kurket ne. Mahaifinsa ya sassare itatuwan lambu ya mai da wurin filin atisaye, kawunsa Alfred Pocock ya tsaya a kansa yana koya masa tare ƙwallo tun yana ƙarami. Batun wasa don sha'awa ma a baki ya tsaya: an biya shi fam 3,000 don ya je Ostireliya a 1891, kuɗin da ya ninka na kowane ɗan albashi a tawagar sau da yawa.

Babu wanda aka lulluɓe guminsa da kalmar baiwa kamar Ranjitsinhji (Ranji), ɗan sarautar Nawanagar ta Indiya. A wasan farko da ya buga wa Ingila, a Manchester a 1896, ya ci maki 154 a kan Ostireliya ba tare da an fitar da shi ba. A 1899 ya zama na farko da ya haura maki 3,000 a kaka guda. Yana da wani salon bugu da ba a saba gani ba: ƙwallo na tunkaro ƙafarsa a guje, sai ya murɗa wuyan hannu kaɗan, ta zame ta bayansa ta tafi. Marubutan Ingila suka ce siddabarun ƙasashen Gabas ne, abin da ke cikin jini.

Asalin salon kuwa tsoro ne da magani. Lokacin da Ranji yake ɗalibi a Cambridge, yana da aibin ja da baya duk sa'ad da aka jefo masa ƙwallo da ƙarfi. Wani ɗan albashi mai suna Dan Hayward, wanda ke horar da shi, ya kafe masa ƙafar dama a ƙasa don kada ta motsa. Da gudu ya gagara, sai Ranji ya koyi karkatar da ƙwallon da wuyan hannu, ya yi ta maimaitawa har abin ya zauna masa. Ya kuma riƙa ɗauko fitattun masu jifa irin su Tom Richardson da Bill Lockwood da kuɗinsa, suna yi masa jifa sa'o'i da dama. Kaifin idonsa kyauta ce daga Allah, babu mai musu. Amma abin da 'yan kallo suka kira siddabaru a filin atisaye aka ƙera shi, da hannun mutanen da ba a yarda su bi ƙofa ɗaya da shi ba.

A can Ostireliya, a ƙaramin garin Bowral, wani yaro ɗan kafinta yana nasa horon shi kaɗai. Don Bradman yakan jefa ƙwallon golf jikin ginin bulo da aka ɗora tankin ruwan gidansu a kai. Ginin mai lanƙwasa ne, ƙwallon takan dawo ta inda ba a zata ba, shi kuma ya tare ta da siririn turke guda. Yaron da ya saba da wannan, faffaɗan katako da babbar ƙwallo ba za su ba shi wuya ba. A 1930 ya zo Ingila ya tara maki 974 a jerin wasanni biyar, ciki har da 309 a yini ɗaya a Leeds. Ya gama da matsakaicin maki 99.94 a wasannin ƙasa da ƙasa 52, adadin da har yau ba wanda ya kusanta.

Don a karya lagonsa, kyaftin ɗin Ingila Douglas Jardine, wanda ya yi karatu a Winchester da Oxford, ya tsara dabarar auna jikin mai bugu da ƙwallo a kakar 1932 zuwa 1933. Wanda ya aiwatar shi ne Harold Larwood, ɗan Nottinghamshire da ya shiga ramin haƙar kwal yana shekara 14. Larwood ya fitar da masu bugu sau 33, Ingila ta yi nasara, amma raunukan da aka ji wa 'yan Ostireliya suka ta da rikici tsakanin ƙasashen biyu. Da ƙura ta lafa, Larwood aka nema ya sa hannu a takardar neman afuwa. Ya ƙi, ya ce umarni ya bi. Bai sake buga wa Ingila ba, a 1950 ya kwashe iyalinsa ya koma Ostireliya da zama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1925 Lord Hawke, jigon kulob ɗin Yorkshire, ya yi addu'a a bainar jama'a kada Allah ya kawo ranar da ɗan albashi zai shugabanci tawagar Ingila. Daga Yorkshire ɗin aka samu wanda ya kawo ranar. Len Hutton ya ci maki 364 a 1938 bayan ya shafe fiye da sa'a 13 yana bugu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya karye a hannun hagu wajen horon soja, aka yi masa tiyata, hannun ya gajarta da kusan inci biyu. Ya sake koyon bugu da hannu guntu, ya koma sahun gaba. A 1952 aka naɗa shi kyaftin, shekara guda bayan haka ya ƙwato kofin Ashes daga Ostireliya.

A Satumban 1962 aka buga wasa na ƙarshe tsakanin rukunin biyu a Scarborough. Fred Trueman, ɗan mai haƙar kwal, ya ja ragamar 'yan albashi suka yi nasara. A jimillar wasanni 274, sun ci 125, 'ya'yan manya sun ci 68. Watanni kaɗan bayan haka aka soke bambancin, kowa ya zama ɗan kurket kawai.

Doka ta tafi, amma tunanin bai bi ta ba. Bayan shekara 30 ya sake fitowa a kan mutum biyu. David Gower bahago ne, ya yi makarantar 'ya'yan manya a Canterbury, bugunsa kamar ba ya sa ƙarfi, kuma ba ya ɓoye cewa yawan atisaye ba ya burge shi. Graham Gooch ɗan gabashin Landan ne, ya koyi sana'ar ƙera kayan aiki kafin wasa, yana sassarfa da motsa jiki kullum, da ya zama kyaftin kuma ya ce kowa sai ya yi. A Janairun 1991, ana tsakiyar rangadi a Ostireliya, Gower ya hau wani tsohon ƙaramin jirgin sama ya yi shawagi a kan filin da abokansa ke wasa, aka ci shi tarar fam 1,000. Da aka ajiye shi daga tawagar da za ta je Indiya, mambobin MCC, kulob ɗin da ke da filin Lord's, suka kira taron musamman a farkon 1993 don su yi tir da masu zaɓen 'yan wasa. Ƙuri'arsu ba ta kai ba, kuma Gower bai sake buga wa Ingila ba.

Jaridu sun raba su gida biyu, wannan mai baiwa, wancan mai gumi, ko da yake Gooch ne ya ci maki 333 a Lord's a 1990, bugun da naci kaɗai ba ya bayarwa. Gower ya buga wasa 117 ya tara maki 8,231. Gooch ya buga 118 ya tara 8,900. A 1992 Gower ya zama wanda ya fi kowane ɗan Ingila yawan maki, a 1993 Gooch ya karɓe kambun daga hannunsa.